Idan Mesar Kiwo Ta Fara Girma Ta Daina Cin Abinci

Duk wanda ya ɗauki ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa yana kiwonta tun tana sabuwar ƙyanƙyasa, akwai wata rana da ke jiransa, ko an gaya masa ko ba a gaya masa ba. Rana ce da zai miƙa mata ɓera kamar yadda ya saba yi duk mako, ta zaro harshe sau ɗaya ko biyu, ta kawar da kai, ta sulale ta koma maɓoyarta. Mako mai zuwa haka, na bayansa ma haka, har a shafe wata biyu ko uku ba ta sa komai a cikinta ba sai ruwa. Abin da ke ƙara tayar da hankalin mai kiwo shi ne, wannan dabba ce da a watannin baya take cafke abinci tun kafin a gama buɗe murfin akwatinta, kuma a iya ganinsa babu abin da ya sauya a ɗakin. Abin da nake so in kafa a wannan rubutu shi ne, a mafi yawan lokuta sauyin yana cikin jikin mesar ne, domin ta fara balaga kuma girmanta ya rage gudu, sannan gaggawar mai kiwo ta fi yunwar yi mata illa. Sai dai akwai ƙin ci na lafiya, akwai na ciwo, kuma aikin mai kiwo duka shi ne ya iya rarrabe su.

Mesar da nake magana a kanta ita ce wadda masana ke kira Python regius, sunan da ya samo asali daga bayanin da masanin dabbobi George Shaw na Ingila ya yi mata a 1802. Asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, daga Senegal har zuwa Uganda, kuma daga Ghana da Togo da Benin aka fi fitar da ita zuwa Turai da Amurka, inda ta zama ɗaya daga cikin macizan da aka fi kiwatawa a gida. Ba ta da dafi, ba ta da faɗa, kuma idan ta tsorata sai ta cusa kanta a tsakiyar jikinta ta dunƙule. Namiji yakan tsaya a kusan mita ɗaya, mace ta kai mita 1.2 zuwa 1.5, kuma a hannun mai kula tana iya yin shekara 20 zuwa 30. A daji tana wuni a ramukan ɓeraye da cikin suri, sai dare ya yi ta fito ko ta laɓe a bakin rami tana jiran abin da zai gifta. Wannan hali na kwanton ɓauna shi ne mabuɗin fahimtar cinta, domin dabbar da ke jiran abinci ya zo ya same ta dole jikinta ya iya jure dogon jira.

Yadda jikin ke jurewa abu ne da aka yi nazarinsa sosai. A shekarun 1990 masana kimiyya Stephen Secor da Jared Diamond sun yi bincike a kan mesar ƙasar Bama (Myanmar ta yau), wadda 'yar'uwar wannan ce mai girman gaske, suka nuna cewa tsakanin ci da ci kayan cikinta kusan a kashe suke. Tumbi ya daina fitar da ruwan tsami, ƙaramin hanji ya motse, aikin jiki gaba ɗaya ya sauka ƙasa. Da zarar ta haɗiye abinci sai komai ya farka cikin kwana ɗaya ko biyu: tsamin tumbi ya tsananta, daga kusan 7 zuwa 2 ko ƙasa da haka a ma'aunin tsami na pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai ƙarfi, wanda ke narkar da har ƙashi, nauyin ƙaramin hanji ya kusan ninkawa, iskar oksijin da jiki ke amfani da ita ta ninka sau da yawa, har ta haura sau 40 idan abincin ya yi girma ƙwarai. Wannan farkawa tana da tsada, don an ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ke cikin abincin yana tafiya ne wajen narkar da shi. Binciken da ya biyo baya ya nuna irin wannan tsari a sauran nau'o'in mesa, har da ƙaramar da muke magana a kai. Ma'anar wannan ga mai kiwo ita ce, mesa ba ta cin abinci don lokacin ci ya yi. Ci a wurinta babban aiki ne da ke buƙatar ɗumi da kwanciyar hankali da kwanaki na kwanciya wuri ɗaya, kuma idan ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, ko kuma jikin ba ya buƙatar ƙarin, ƙin cin ya fi mata sauƙi da aminci. Haka kuma jikinta ba ya ƙona abinci don samar da ɗumin kansa kamar na kyanwa ko kare, saboda haka abin da take kashewa a rana tana kwance kaɗan ne ƙwarai.

To, me ya sa a shekarar farko ba ta nuna wannan hali? Saboda a lokacin tana tseren girma ne. Tana fitowa daga ƙwai da nauyin da bai wuce giram 50 zuwa 100 ba, ƙaramar da tsuntsu ko wani maciji zai iya ɗauka, kuma hanya ɗaya da za ta fita daga wannan haɗari ita ce ta yi girma da wuri. Shi ya sa take karɓar abinci duk kwana 5 zuwa 7, tana saɓa duk bayan mako huɗu zuwa shida, kuma cikin shekara guda nauyinta yana ninkawa sau biyar ko fiye. Mai kiwo yana sabawa da wannan, har ya ɗauka cewa haka dabbar take. Amma wannan ci na ƙuruciya ne, kuma yana da ranar ƙarewa. Idan tsawonta ya kusa kaiwa inda zai tsaya, abincin da a da yake zama tsoka da ƙashi sai ya fara zama kitse, kuma mesa tana tara kitsenta ne a cikin ciki, a kashi na baya na jiki, inda ido ba ya gani sai abin ya yi yawa. Mesar da ta kai giram 800 ana ci gaba da ba ta babban ɓera duk mako, kamar lokacin da take giram 200, ta riga ta tara guzurin watanni. Idan irin wannan ta kawar da kai daga abinci, ni dai ina ganin ta fi mai ita sanin lissafi.

Sai kuma balaga, wadda ita ce babban dalili. Namiji yana riga mace, yakan kai ga barbara tsakanin wata 11 zuwa 18 da ƙyanƙyasa, sau da yawa yana da nauyin giram 600 ko sama da haka kaɗan. Da lokacin barbara ya zo, hankalinsa yana barin abinci gaba ɗaya. Za a gan shi da dare yana zagaye akwati, yana tura hanci a kusurwoyi, yana hawa duk abin da zai hawu, amma idan aka miƙa masa ɓera sai ya bi ta kansa ya wuce. Mai kiwo da bai sani ba yakan ɗauka wannan yawo na yunwa ne, sai ya ƙara yawan tayi, alhali mace yake nema. Ba sai da mace a gidan hakan ke faruwa ba, ko da yake idan akwai ta a ɗaki ɗaya, ƙamshinta yana tsawaita lamarin. Namiji mai ƙoshin lafiya yana iya yin wata uku zuwa shida a haka, wani ma ya wuce, kuma ya maimaita duk shekara a kusan lokaci ɗaya har tsawon rayuwarsa.

Mace tana balaga ne tsakanin wata 20 zuwa 36, kuma lamarinta ya fi rikitarwa. Masu kiwo sun daɗe da lura cewa mata da yawa suna ci ba ƙaƙƙautawa har su kai tsakanin giram 800 zuwa 1,000, sai su tsaya cak na tsawon watanni, har suna kiran abin da katangar giram dubu. Bayanin da ya fi dacewa da abin da ake gani shi ne, a wannan girman ne jikinta ke fara shirin ƙwai, kuma ƙwayayen da ke tasowa tare da kitsen da ta tara suna cika wurin da abinci zai zauna. Idan aka dubi yadda take rayuwa a daji, abin ba baƙo ba ne. Ana barbara daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba, ana saka ƙwai tsakanin Fabrairu da Afrilu, yawanci ƙwai 4 zuwa 6 manya, sannan uwar ta naɗe jikinta a kansu tana kwanci na kusan wata biyu ba ta cin komai, bayan ta riga ta daina ci makonni kafin ta saka su. Wato dogon zama ba ci wani sashe ne na shekarar kowace mesa da ta balaga. Mace da ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba ma tana iya fara ƙwayayen, daga baya jikinta ya shanye su, ta dawo ci kamar ba abin da ya faru.

Akwai kuma tasirin yanayi, wanda ke shiga ɗaki ko an rufe taga. Masu kiwo a Turai da Amurka sun saba ganin macizansu suna daina ci daga wajen Oktoba ko Nuwamba har zuwa Maris, lokacin da rana ke gajarta kuma sanyin dare ke ƙaruwa, ko da na'urar ɗumama akwati tana nan yadda take. Ƙarama 'yar wata huɗu takan ratsa wannan lokaci tana ci, amma a shekararta ta biyu sai yanayi da balaga su haɗu, shi ya sa ƙin ci na farko ya fi faɗowa a nan.

Duk wannan bayani ba zai amfani mai kiwo ba idan ba shi da hanyar tabbatar da cewa tasa mesar tana cikin masu lafiya, kuma hanyar ita ce sikeli. Ana cewa ido ba mudu ba ya san kima, amma a kan maciji ido yana yaudara, domin wanda ke kallon dabba kullum ba ya ganin ramar da ke zuwa a hankali, kuma wanda hankalinsa ya tashi yana ganin rama inda babu ita. Ƙaramin sikeli mai nuna giram ya wadatar. A sa ta a cikin roba mai murfi a auna, a rubuta nauyin da kwanan wata, a maimaita duk mako biyu ko duk wata, ba kullum ba. Abin da ake dubawa shi ne tafiyar lambobin a tsawon lokaci. Mesa mai giram 900 da ta sauka zuwa 870 bayan ta yi kashi ba ta rame ba, cikinta ne ya zama wayam. Idan bayan wata uku tana nan tsakanin 850 da 870, wannan dabba ce da ke rayuwa a kan ajiyarta cikin tsanaki, kuma babu dalilin tashin hankali. Amma idan ta sauko zuwa 810 ko ƙasa, wato ta yi asarar kashi 10 cikin 100 na nauyinta, ko kuma lambobin suna zubewa da sauri cikin 'yan makonni, to lokacin jira ya ƙare. Wannan ma'auni na kashi 10 shi ne wanda masu kiwo da likitocin dabbobi suka fi amfani da shi, kuma ina ganin ya fi ƙirga makonni amfani nesa ba kusa ba, domin wata huɗu ba ci a jikin babbar mace mai ƙiba ba daidai yake da wata huɗu a jikin siririn namiji ba. Siffar jiki ma tana magana. Mai lafiya bayanta a zagaye yake, da ɗan tudu mai laushi a kan ƙashin baya, jikin da ƙarfi idan ta naɗe hannu. Wadda ta rame ƙashin bayanta yana fitowa da kaifi, gefunanta su faɗa, fatar ta yi sako-sako. Wadda ta yi ƙiba fiye da kima kuwa za a ga kwari a tsakiyar bayanta da ninkin fata inda ta lanƙwasa, kuma irin wannan hutun ci alheri ne gare ta.

Kafin a jingina komai ga balaga, wajibi ne a binciki akwatin, saboda kuskuren kiwo shi ma babban dalili ne, kuma yana iya ɓuya a bayan balaga. Zafi ne kan gaba. Ɓangaren ɗumi ya kamata ya kasance tsakanin digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Selsiyos, ɓangaren sanyi tsakanin 24 zuwa 27, kuma a auna a daidai inda mesar ke kwanciya, da ma'auni mai nuna lamba, ba a jikin bango can sama ba. Duk abin ɗumamawa dole a haɗa shi da na'urar daidaita zafi, domin mesa tana iya kwanciya a kan abin da ke ƙona ta ba ta matsa ba. Akwai wani abu da ake yawan mantawa da shi a daidai wannan shekaru: mesar ta yi girma amma kayanta ba su girma ba. Shimfiɗar ɗumin da ta ishe ta tana giram 150 yanzu ba ta ɗumama ko rabin jikinta, maɓoyar da take shiga ta ɓace yanzu wutsiyarta a waje take. Ko kuma akasin haka, an ga ta girma an mayar da ita sabon babban akwatin gilashi mai fili fetal, ta rasa inda za ta raɓa. Girman akwati ba laifi ba ne, filin da ba komai a cikinsa ne laifi. Tana buƙatar maɓoya aƙalla biyu, ɗaya a ɗumi ɗaya a sanyi, kowace mai ƙofa ɗaya kuma matsattsiya yadda jikinta zai taɓa gefuna, da ganyaye da rassa a tsakani don ta yi tafiya ba tare da ta ji a sarari take ba. Bayan kowane sauyin wuri, mako biyu ko uku na ƙin ci ba abin mamaki ba ne. Danshin iska kuma kada ya sauka ƙasa da kashi 55 zuwa 60, a ɗaga shi zuwa 70 ko fiye lokacin saɓa.

Saɓar kanta tana hana ci. Idan fata ta dushe, ciki ya yi ja-ja, idanu suka yi fari-fari kamar an shafa musu madara, mesa ba ta gani sosai kuma ba ta son motsi. Lamarin yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14, kuma babu amfanin tayi a cikinsu.

Yawan ɗauka ma yana cikin lissafi. A lokacin da take ƙin ci, ni ina ganin a bar taɓa ta sai don awo da share akwati, musamman a ranar da za a yi mata tayi.

Batun irin abincin ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin wannan mesa ta yi suna wajen zaɓe. Binciken da Luca Luiselli da Francesco Angelici suka wallafa a 1998, a kan macizan dazuzzukan kudu maso gabashin Najeriya, ya nuna cewa maza sun fi cin tsuntsaye kuma sun fi hawa bishiya, mata kuma sun fi cin ɓeraye da danginsu. Wato dabbar da ake ba ta farin ɓera iri ɗaya tsawon rayuwarta, a daji abincinta ya fi haka faɗi. Daidai lokacin da take girma ne kuma mai kiwo ke sauya mata daga ƙananan ɓeraye zuwa manya, waɗanda warinsu daban ne, sai ta ƙi sabon, a ɗauka ta daina ci ne gaba ɗaya. Wasu suna karɓar ɓeran dajin Afirka mai laushin gashi, Mastomys natalensis, bayan sun ƙi duk wani, wasu kuma ɗan tsako ko ɗan salwa ne ke buɗe musu baki. Sai dai a nan akwai tarko, domin wadda ta ɗanɗana abin da ta fi so tana iya kafewa a kansa, saboda haka kada a fara ba ta abin da ba za a iya ci gaba da samu ba. Kafin a kai ga sauya iri, a fara da rage girma. Ƙarama tana cin abin da ya kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta, amma babba ba ta buƙatar haka, kuma sau da yawa mesar da ta ƙi babban ɓera takan ɗauki wanda bai kai rabinsa ba.

Yadda ake miƙawa ma yana da tasiri. A leɓenta na sama akwai wasu ƙananan ramuka a jere da take jin ɗumin jikin dabba da su ko a cikin duhu, harshenta kuma yana kwaso wari ya kai wata gaɓa da ke ganɗarta. Ɓeran da aka ciro daga firiza aka narkar amma aka bar shi da sanyi, a wurinta ba abinci ba ne. A narkar da shi sarai har ciki, sannan a ɗumama shi, musamman kansa, ya kai kusan digiri 37 zuwa 40 kamar jikin mai rai, a busar da gashinsa, a riƙe shi da dogon hantsaki don kada ɗumin hannu ya rikita ta. A yi tayin bayan dare ya yi, fitila a kashe ko a rage, a cikin akwatinta na kullum. Al'adar cire ta zuwa wata roba daban don ciyarwa ba ta dace da dabba mai tsoro irin wannan ba. Kada a riƙa buga mata ɓeran a fuska, don hakan dunƙulewa kawai zai sa ta yi. Idan ba ta cafka ba cikin 'yan mintoci, a ajiye mataccen a ƙofar maɓoyarta a bar ɗakin, da yawansu sai ba kowa suke ɗauka. Idan gari ya waye yana nan, a zubar.

Abin da na fi ganin yana lalata al'amari shi ne yawan tayi. Mai kiwo da ya damu yakan gwada yau, ya gwada jibi, ya sauya launin ɓera, ya sauya akwati, ya sauya shimfiɗa, duk cikin mako guda, kuma kowane gwaji wani sabon firgici ne ga dabbar da kwanciyar hankali ke cikin sharuɗɗan cinta. Tazarar kwana 10 zuwa 14 tsakanin tayi da tayi ta isa, kuma idan ta ƙi sau uku a jere a iya ja zuwa mako uku. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, in ba haka ba ko ta ci ba za a san abin da ya yi aiki ba. Mafi muni daga cikin dabarun gaggawa shi ne a saka mata ɓera mai rai a tafi a kwanta. Mesar da ba ta da niyyar ci ba ta kare kanta, dunƙulewa take yi, ɓeran kuma yana iya gaigayar bayanta har ƙashi kafin safiya. Ɗura kuwa, wato a buɗe bakinta a tura abinci da ƙarfi, ba aikin mai kiwo ba ne a kan mesar da nauyinta bai faɗi ba. Tana iya jin rauni a baki da maƙogwaro, tana iya harar da abin, kuma kayan cikin da suke a kashe ba su shirya karɓa ba. Wannan mataki ne na ƙarshe, a hannun likita, ga dabbar da rama ta riga ta kama.

Ƙin ci na ciwo yawanci ba ya zuwa shi kaɗai. Mesar da ke numfashi baki buɗe, ko ana jin shaƙa ko fito a numfashinta, ko yawu mai yauƙi da kumfa a baki da hanci, ko tana ɗaga kai sama na dogon lokaci, tana da ciwon huhu har sai likita ya tabbatar da akasin haka. Tun 2014 aka gano wata ƙwayar cuta, nidovirus, da ke haddasa irin wannan ciwo a wannan nau'in mesa, kuma tana yaɗuwa daga maciji zuwa maciji, shi ya sa ake ware sabon da aka kawo na kusan wata uku kafin ya kusanci sauran. A duba baki ko dasashi ya yi ja ko ya kumbura ko akwai ruɓa mai kama da cuku. A duba kewayen idanu da ƙarƙashin haɓa ko akwai ƙananan baƙaƙen ƙwari masu shan jini, waɗanda sau da yawa alamarsu ta farko ita ce a ga mesa tana kwana a cikin kwanon ruwa. Kashi mai ruwa da wari fiye da kima ko mai jini yana nuna tsutsar ciki ko wata cuta, kuma gwajin kashi a asibitin dabbobi abu ne mai sauƙi, musamman ga wadda aka kamo daga daji. Kumburi a wani sashe na jiki, ko mace da ta cika ta baya tana yunƙuri ƙwai bai fito ba, ko kasa juyowa idan aka kifar da ita, ko karkarwar kai da ba a san ta da ita ba, duk ba abin jira ba ne ko da sikeli bai motsa ba. Haraswa ma daban take da ƙin ci. Idan ta ci ta harar, a bar ta mako biyu cur kafin sabon tayi, a binciki zafi, a ba ta ƙarami, kuma idan ta maimaita a kai ta ga likitan da ya san dabbobi masu jan ciki, domin ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da su ba.

Haka kuma duk haƙurin da na yi ta ambata bai shafi 'yar ƙyanƙyasa ba. Sabuwa tana rayuwa a kan ragowar gwaiduwa har ta yi saɓar farko bayan mako ɗaya ko biyu, daga nan ya kamata ta fara ci. Mesa mai giram 70 ko 100 ba ta da ajiyar da za ta dogara da ita, ba ta kuma kai balaga ba, saboda haka idan ta ƙi ci sau uku ko huɗu a jere, dalilin yana cikin akwati ko cikin lafiyarta, kuma a nemi taimako da wuri.

Idan ranar dawowa ta zo, alamunta ba sa ɓuya. Za a gan ta da dare ta fito da kai daga maɓoya, wuyanta a lanƙwashe, tana bin motsi da kai, harshe yana fita akai-akai. A fara da ƙaramin abinci, ƙasa da wanda ta saba, don hanjin da ya daɗe a motse ya farka a hankali, a bar ta aƙalla kwana biyu ba a taɓa ta ba, sannan a jira kwana 10 zuwa 14 kafin na biyu ko da tana nuna tana son ƙari. Ba a rama abincin da ya wuce. Kuma bai kamata a koma tsarin duk mako ba, domin wadda ta dawo ɗin ta zama babba, kuma ci ɗaya duk mako biyu zuwa uku, wani lokaci ma duk wata, shi ne daidai da ita. A rubuta watan da ta daina da watan da ta dawo tare da nauyinta a farko da ƙarshe, domin akwai yiwuwar ta maimaita a shekara mai zuwa, kuma wannan rubutu ne zai nuna ko ƙin ci na gaba irin nata ne na kullum ko wani abu ne dabam.